Rim Na Huɗu

Ƙarar ƙarfe a jikin siminti ce ta fito da Kamaluddeen daga zaure, hannayensa na ɗigar ruwa.

Baƙar mota ce ta tsaya a karkace a ƙofar gidansu, ƙafarta ta gaba ta dama manne da bakin kwalbati. Ba wanda ya fito. Ya matsa ya leƙa. Budurwa ce a gaban sitiyari, ta ƙanƙame shi da hannu biyu, idanunta a rufe gam.

"Malama, kin iso," ya ce. "Buɗe ido."

Ta buɗe. Nan take ya manta abin da zai ƙara faɗa.

"Na take mutum?"

"A'a. Rim kika goge."

"Innalillahi! Ai gara mutum, shi zai iya yafe min. Motar Baba ce."

Daga kujerar baya wata dattijuwa ta turo ƙofa tana salati. "Ban hwaɗa miki mu hau mashin ba, Zulaihat? Kinka ce an koya miki tuƙi Sakkwato. To ga tuƙin nan na gani!"

Ita ce Gwaggo Iyatu, yayar mahaifin yarinyar. Wurin Malam Gwadabe suka zo, mahaifin Kamaluddeen, wanda ya shekara arba'in a Kaura Namoda yana narka alminiyam yana zubin tukwane. Gwaggo ce ke tara wa Zulaihat kayan ɗaki tun ba a san mijin ba, kuma ta rantse 'yar ƙaninta ba za ta yi girki a tukunyar kanti ba.

Kamaluddeen ya durƙusa ya duba. Rim ɗin, wato ƙarfen da ake sa wa taya, na aloyi ne, dangin alminiyam, ruwan azurfa, bakinsa ya ƙwarzane tsawon ɗan yatsa. Aikinsa ke nan. Shekara tara ya yi a Fatakwal, ya yi difloma, bai samu aiki ba, sai ya zauna a garejin wani mai gyaran rim ya koyi sana'ar. Da ya dawo gida ya kafa ta a bayan zauren ubansa: bokiti, samfefa iri-iri, gwangwanayen fenti, da tsohon gidan sauro da yake feshi a cikinsa don kada ƙura ta zauna a kan aiki. 'Yan unguwa suka ce ya je har bakin teku ya koyo wankin taya.

"Yaushe Baban zai dawo?"

"Ya bi motar hatsi kasuwar Shinkafi. Kafin la'asar sakaliya yana gida."

"Akwai lokaci."

Gwaggo ta shige wurin tukwane. Shi kuma ya jera 'yan kwalaye tsakanin rim da roba, ya goge wurin da samfefa mai kaushi, ya koma mai laushi yana tsoma ta a ruwa, har ƙwarzanen ya ɓace. Zulaihat na tsaye a kansa.

"Ka tabbata ba zai gane ba?"

"In kin daina tare min haske."

Ta matsa taku ɗaya. Ya ji tana ƙoƙarin danne dariya.

Da ya zo feshi sai ya shafa bayan rim ɗin, ya ɓata fuska. "Wa ya yi wa wannan fenti? Ya yi kauri kamar yaɓen ɗaki."

"Haka suka zo. Kyauta aka yi wa Baba, duka huɗun."

"Wa?"

"Wani Jabir," ta ce, ta kau da kai.

Bai ƙara tambaya ba. Yadda ta faɗi sunan ya ishe shi. Da ya gama ta tambayi ladan aikinsa, ya ce lambar waya, don ya ji ko fentin ya kama. Ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta karanto masa.

Bayan magariba saƙo ya shigo.

"Mai samfefa, fenti ya kama. Baba ya wuce ta gefen motar bai ce komai ba. Allah ya saka."

Ya amsa: "Amin, Direba. Kwalbatinmu yana gaishe ki. Ya ce ki dawo."

"Ka ce masa na tuba."

"Ni ban so ki tuba ba."

Sannan: "Ashe haka kake?"

Haka suka fara. Ita ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti, tana da lokacin waya ne kawai in marasa lafiya sun lafa. Shi ba mai yawan magana ba ne, saƙonsa layi ɗaya ne ko biyu. Ta ce zancensa kamar samfefarsa yake, sai an jure kaushin kafin a kai ga laushin. Cikin wata biyu "Direba" ta koma "Direbata", ita kuma in ta ga dama ta ce "Kamalu na".

Abin da ba su sani ba shi ne Alhaji Dalhatu ya gane tun ranar farko. Mutum ne da ke damƙar gero a hannu ya faɗi gonar da ya fito. Ya ga bakin rim ɗaya ya fi sauran ukun sheƙi, ya tambayi maigadi, ya yi shiru yana jira.

Ranar da kawun Kamaluddeen ya je nema masa izinin zance, Alhaji ya bar shi ya gama tsaf.

"Wanga yaro," ya ce, "shi na wanda ɗiyata ta yi ɓarna ya ruhe mata da fenti? To mai ruhe aibi da fenti ba ni ba shi ɗiya. Yau rim ne, gobe ban san mi za shi ruhe min ba."

Kawu ya dawo da maganar yadda take. Kamaluddeen ya zauna a kan bokiti. Ya yi zaton za a ce shi ɗan maƙera ne, ko ba shi da albashi. Ya shirya wa waɗannan amsa. Bai taɓa kawowa a ransa cewa alherin da ya fara yi mata shi ne zai zama laifinsa ba.

Jabir kuwa, ɗan aminin Alhaji ne, yana sayar da kayan mota a Gusau. Duk Juma'a yana zuwa gaisuwa da kwalin lemo.

Gwaggo Iyatu ce ta hana maganar mutuwa. Kwana uku tana zuwa ɗakin ƙaninta tana zama ba ta cewa komai, sai tsaki. A rana ta huɗu Alhaji ya gaji. Ya sa aka ɗora motarsa a kan bulo, aka cire tayoyin, aka kai wa Kamaluddeen rim huɗu a baro, da saƙo: tunda ya sa ɗaya ya fi sauran, to ya daidaita su. Ranar Asabar iyalin gaba ɗaya za su Zurmi sunan jika. Kafin nan ba gani, ba waya. In ya ga aikin, zai yi tunani.

Litinin ke nan. Kamaluddeen ya rubuta wa kowane rim matsayinsa da alli a ciki, ya wanke su da kalanzir da omo, ya shafa musu ruwan cire fenti. Uku suka saki fentinsu cikin sauƙi. Na huɗu, na gaba na dama, ya ƙi. Sai ranar Laraba da hantsi ya kai ga ƙarfensa, ta baya, inda bai goge ba a gyaran farko. A ƙarƙashin fentin akwai fila, irin wadda masu gyaran jikin mota ke cike lotsawa da ita. Ya kankare ta.

Tsaga ce. Siririya kamar gashi, ta taso daga ramin noti ta bi ƙafar rim ɗin kusan rabi.

Ya daɗe a tsugune, samfefa a hannu. Ya san hanyar Zurmi. Ya san ramukanta, ya kuma san ba hanyar da ake tsayawa canjin taya ba ce. Saboda 'yan bindiga direbobi na jiran juna su tafi a jere, ba mai rage gudu a wasu wuraren ko da ya ga uwarsa.

Yana nan ya ji muryar Gwaggo a tsakar gida tana yi wa Malam Gwadabe ƙorafi. Tukwane uku manya suka rage a cikin kayan, an yi mata alkawari tun wancan mako. Malam yana ba ta haƙuri: masu kawo masa tsohon alminiyam ba su shigo ba saboda hanya, amma gobe insha Allahu, ko ta halin ƙaƙa.

"Mai samfefa."

Ya ɗago. Zulaihat ce a bakin gidan sauron, ta saci jiki.

"An hana ki zuwa nan."

"Gwaggo na rako. Ban ga an hana ni rakiya ba." Sai ta lura da fuskarsa. "Lafiya?"

Ya nuna mata. Ba ta gani ba sai da ta ɗora yatsa a wurin, farcenta ya faɗa cikin tsagar. Ya ce ta tsaya haka, ya ɗauki hoto don a ga girmanta. Gwaggo ta ƙwala kira, ta fita da gudu.

Ya ciro rim ɗin daga cikin 'yan'uwansa don kada ya haɗu da waɗanda za a fesa. Ya kai shi gindin darbejiyar tsakar gida ya jingina. Alhaji zai tafi Shinkafi gobe Alhamis, don haka sai Juma'a zai kai masa da hannunsa ya gani.

Da la'asar Zulaihat ta karya doka ta biyu, ta turo saƙo.

"Kamalu na, ba za ka iya shafe ta ba? Siririya ce fa. In ka ce kyautar Jabir fasasshiya ce, Baba zai ce hassada ce, shi ke nan mun rasa. Ka rufe, in an dawo daga Zurmi sai a faɗa."

Ya karanta sau uku kafin ya rubuta.

"Direbata, zan iya rufe ta cikin awa ɗaya, ba mai ganewa. Ba zan yi ba. Kina cikin motar nan ranar Asabar, ke da Gwaggo da Baba. Gara ya hana ni ke kina raye."

Ya tura mata hoton a ƙasa. Ta amsa: "Ka yi haƙuri. Tsoro ne."

Alhamis da sassafe ya fesa wa ukun fentin azurfa kafin iska ta taso, ya rufe gidan sauron, ya hau mota zuwa Gusau neman rim irinsu. Ya zaga bai samu ba. Ya dawo bayan azahar, ya shiga gida, ya dubi gindin darbejiya.

Wayam.

Ya duba zaure. Ya duba bayan ɗaki. Sai ya ji warin gawayi, ya juya a hankali. Malam Gwadabe na zaune kusa da maƙerarsa yana fifita da hula, a gabansa tukwane uku sababbi, manya, suna hucewa a cikin yashi.

"Baba. Rim ɗin da ke gindin itacen nan fa?"

"Allah shi yi maka albarka," in ji Malam. "Ka hid da ni kunyar Iyatu. Ƙarhe mai kyau, ko datti babu sai wani ɗan ƙulli."

Kamaluddeen ya dubi tukwanen. Ya zauna a ƙasa.

"Baba, na Alhaji Dalhatu ne."

Hular ta tsaya a iska.

"Na wa?"

"Na Alhaji Dalhatu. Ɗaya daga cikin huɗun."

"La ilaha illallahu! To mi ya kai shi gindin darbejiya? Kai ba ka san duk abin da anka aje nan na wuta ne ba? Kowa garin ga ya sani, har mata masu kawo hudajjen kwano!"

"Da can bakin rijiya kake tarawa."

"Shekara bakwai da na tashe shi daga can!"

Shekara bakwai. Lokacin yana Fatakwal. Tun da ya dawo kuma ba a samu kayan da za a tara ba balle ya gani.

"Kuma sai da na gwada shi," Malam ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na buga mashi guduma, bai amsa ba. Mataccen ƙarhe ne. Na ce yaron nan ya san aikinai, shi ya sa ya yar."

Suka zauna su biyu suna kallon tukwanen. Sun yi kyau, abin haushi.

Ya sanar da Zulaihat. Ta kira, bai ɗauka ba. Ta rubuto: "Ka nuna wa Baba hoton."

"Hannunki na ciki. Da zoben da ya sayo miki a Madina."

"To sai me?"

"Ya ce ba gani. Ba zan wanke kaina da ke ba."

Juma'a bayan an sauko daga masallaci, uba da ɗa suka tura baro zuwa gidan Alhaji, rim uku a ciki lulluɓe da tsohon zane. Alhaji na zaune a zaure kan darduma. Jabir na gefensa cikin farar shadda, kwalin lemo a bakin ƙofa.

Aka gaisa. Kamaluddeen ya durƙusa ya yaye zanen. Hasken ƙofa ya faɗa kan rim ɗin, har Alhaji ya ɗan ja da baya. Ya sa hannu ya shafa ɗaya, ya ga fuskarsa a ciki.

"Masha Allah," ya ce, ba da son ransa ba. "Ina na huɗun?"

Malam Gwadabe ya yi gyaran murya. "Alhaji, laihina ne. Na narka shi."

"Ka yi mi?"

"Na narka shi. Ya zama tukwane."

Alhaji ya dubi Malam, ya dubi ɗansa, ya sake duban Malam, bakinsa a buɗe.

"Rim ɗin motata? Tukwane?"

"Ukku. Na Iyatu."

Jabir ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Kamaluddeen ya yi bayani a taƙaice: fila, tsaga, gindin darbejiya. Ya ce ko da ba a narka ba, ba zai dawo da shi a matsayin lafiyayye ba.

"Tsaga?" in ji Jabir. "Malam, ka ɓata kayan mutane, sannan ka ɗora wa kyautata? To ina tsagar? Ko ita ma tana cikin miya?"

"Kana da shaida?" Alhaji ya tambaya.

Wayar na aljihunsa, yana jin nauyinta a cinya. Ya dubi tabarma.

"Maganata kawai, Alhaji."

"Maganar wanda ya saba ruhewa." Alhaji ya girgiza kai. "Na ba ka amana huɗu, ka maido ukku da labari. Malam Gwadabe, girmanka ya sa ban ce komi ba. Ku tashi. Maganar ɗiyata kuma a bar ta nan."

Kamaluddeen ya yunƙura zai tashi, sai labulen cikin gida ya ɗaga. Zulaihat ce, da hijabi har ƙasa, Gwaggo Iyatu a bayanta. Bai taɓa jin ta shigo zauren ubanta da baƙi maza a ciki ba. Ta durƙusa, ta ajiye wayarta a kan dardumar.

"Baba, ga shaida."

"Zulaihat," Kamaluddeen ya ce, "kada..."

"Yi min shiru," in ji Alhaji. Ya ɗauki wayar, ya nisanta ta da idonsa. Ya ga ƙarfe, ya ga rubutun alli, gaba dama. Ya ga tsagar. Sannan ya ga yatsan da ke kanta, da zoben.

Ya ɗago a hankali. "Yaushe?"

"Laraba, Baba."

"Bayan na hana."

"E, Baba."

"Ni na tai da ita," in ji Gwaggo. "In duka za ka yi, hwara da ni."

Alhaji bai kula ta ba. Babban yatsansa ya ja allon sama, ya ci karo da saƙonnin. Ya fara karantawa a fili, da muryar da yake karanta takardar awo.

"Kamalu na." Ya tsaya. Ya dubi 'yarsa. Ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa tabarma. Kamaluddeen ya so ƙasa ta tsage kamar rim ɗin. "Ba za ka iya shafe ta ba? Siririya ce fa."

Ya karanta nata har ƙarshe.

"Ke kinka ce a ruhe? Ɗiyata?"

Ta fara kuka marar sauti.

Ya koma kan wayar. "Direbata." Ya yi tsaki. "Zan iya rufe ta cikin awa ɗaya, ba mai ganewa. Ba zan yi ba." Muryarsa ta sauka. Sauran bai karanta a fili ba, leɓɓansa kawai ke motsi. Ya kai ƙarshe, ya koma farko.

Malam Gwadabe ya zaro wani abu daga aljihu, ƙunshe a takarda. Dunƙulen toka ne mai tauri, ragowar filar da ta ƙone. "Wanga shi ya taso saman ruwan ƙarhen. Alminiyam ba ya haihuwar irin wanga." Ya ɗauki makullin ƙofa ya buga wa rim ɗin farko. Ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Na biyu haka, na uku haka. "Wancan da na buga, kamar na bugi kabewa."

Alhaji ya juya ga Jabir. Ba faɗa a muryarsa.

"Ka sani?"

"Alhaji, kayan waje ne, haka suke zuwa..."

"Ka sani?"

Jabir ya gyara hula. "Ai shekara guda kuna hawa, ba abin da ya faru."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Gwaggo, ta dafe ƙirji. "Sau nawa na shiga motar ga!"

Alhaji ya dubi Jabir. Sannan ya ce, "Ɗauki lemunka."

Bayan fitar Jabir ba wanda ya san abin yi. Alhaji ya miƙa wa 'yarsa wayar ba tare da ya dube ta ba, ya ce ta shiga ciki. Ya ce wa Kamaluddeen, "Hoton ga yana wayarka?"

"Yana nan."

"Mi ya hana ka nuna?"

Kamaluddeen ya dubi labulen da Zulaihat ta shige. Alhaji bai sake tambaya ba. Ya ce a ɗaura ukun, a sa safaya a gaba.

Haka motar ta tafi Zurmi ranar Asabar, ƙafa uku na walƙiya, ɗaya baƙin ƙarfe. Duk inda suka tsaya sai an tambaya, Alhaji ya ce a bar maganar. Suka dawo lafiya ranar Lahadi. Mako guda ba labari. Zulaihat ba ta rubuto ba, shi ma bai rubuta ba. Ya yi ta goge rim ɗin wani direban Kasuwar Daji har mai shi ya ce ya isa haka, ba madubi ya kawo ba.

Rana ta tara saƙo ya shigo da hantsi.

"Mai samfefa. Baba ya ce ka turo manya. Ya ce wai in daina kuka in je in koyi ribas."

Ya karanta a tsaye, ya karanta a zaune. Ya rubuta abubuwa da yawa ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Alhamdu lillahi. Kwalbati na jiranki."

"Kai dai ba ka iya soyayya ba."

"Ina sonki, Zulaihat. Tun kafin ki buɗe ido."



An ɗaura aure bayan ƙaramar salla, da hantsi, don baƙin Shinkafi da na Zurmi su koma da rana. Da 'yan'uwa suka zo jere, Gwaggo Iyatu ta hana kowa taɓa tukwane ukun, ita ta jera su da kanta. Duk matar da ta shigo ganin ɗaki sai ta ja ta ta nuna mata. "Kin ga waɗanga? Sun je Sakkwato, sun je Gusau, sun hi ki yawo."

Ranar da amarya ta fara girki, ta yi tuwon dawa da miyar kuka a babbar cikinsu. Ta ce kada a juye a kula, a kai wa Baba a tukunyar. Kamaluddeen ya ɗaure ta a bayan mashin ya kai da kansa.

Ya samu Alhaji a zaure. Motar na waje, har yanzu da baƙar ƙafarta. An kawo masa rim irin nata har sau biyu ya ce a mayar.

Kamaluddeen ya durƙusa ya ajiye tukunyar. Alhaji ya dube ta.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Alhaji ya buɗe, ya sa aka juye tuwon a kwano. Sannan ya ɗaga tukunyar ta kunne ɗaya, ya ɗauki cokali ya buga mata a gefe.

Ta yi ƙara, siririya, mai tsawo, har ta fita ƙofar zaure.

Ya saurara har ta ɗauke.

"To, yanzu ya amsa," ya ce. Ya ajiye ta, ya matsa gefe a kan dardumar. "Zauna mu ci. Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. In kun ga tsaga a zamanku, kada ku sa mata fenti."

"Amin, Baba."

"Kuma kada ka ba ta tuƙi."